Amsa ga mai son zama injiniyan gaz

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce ka samu bak ɗinka, wato takardar kammala sakandare, na fannin kimiyya a nan Maraɗi, kana sha'awar zama injiniyan gaz, kuma kana tambaya inda za ka yi karatu da kuma ko aikin yana riƙe mai shi. Na daɗe a wannan sana'a, daga wurin cika tukwanen gaz har zuwa ja wa gidajen abinci bututu, saboda haka ga abin da na sani.

Yawancin matasan da ke zuwa mini da wannan tambaya hankalinsu yana kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, take iya tace ganga 20,000 a kullum daga ɗanyen man yankin Agadem da ke gabashin Nijar, kuma daga can ne gaz ɗin girkinmu yake fitowa. Buri ne mai kyau, amma guraben can ba su da yawa, alhali kuwa kowace tukunya mai kilo 6 da ke shiga gidajen unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi tana bukatar wanda ya cika ta daidai, ya duba bakinta, ya haɗa ta yadda ba za ta yi yoyo ba. A nan ne aikin yake, kuma a nan ne masu ilimi suka yi ƙaranci.

Batun karatu ba shi da sarƙaƙiya. Ka nemi fannin injuna ko lantarki a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi, ko ka gwada jarrabawar shiga EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu da ke Yamai, sannan duk hutun da ka samu ka nemi wurin cika gaz ka yi koyon aiki, ko da ba za a biya ka ba, ka kuma karɓi takardar shaida kafin ka bar wurin.

Abin da nake so ka riƙe shi ne halin gaz ɗin kansa. A cikin tukunya ruwa-ruwa yake, yana kuma kumbura idan ya ji zafi, shi ya sa ba a cika tukunya fiye da kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari. Wanda ya san zafin Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da yake haura digiri 40, ba sai an gaya masa haɗarin tukunyar da aka cika maƙil aka ajiye a rana ba. Ya fi iska nauyi, don haka idan ya zuba ba sama yake tashi ba, kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa a kwari, yana jiran tartsatsin makunnin lantarki. Warin da kake ji ma ƙara masa shi aka yi da gangan domin a gane yoyo. Da ruwan sabulu ake neman inda yake fita, ba da ashana ba, kuma wallahi har yanzu ina ganin masu yin hakan a bakin titi, raina yana ɓaci.

Wahalar sana'ar ba a lissafi take ba, a tsayuwa kan gaskiya take. Wani mai gidan abinci ya taɓa matsa mini in sa masa tiyon ruwa maimakon na gaz saboda ya fi araha. Na ƙi, ya ba wani aikin. Za ka gamu da irin wannan tun a shekararka ta farko, kuma iyalin da ke kwana kusa da wannan tukunya ba su san cinikin da aka yi a kan rayukansu ba.

Game da samu kuwa, farko da ƙunci, musamman lokacin da matatar ta tsaya gyara gaz ya yi wuya a gari. Amma idan ka haɗa da walda da gyaran murhun gaz, ka kuma iya Faransancin rubuta rahoton aiki, ba za ka zauna hannu rabbana ba. In ka samu wurin koyon aikin, ka fara neman a sa ka a kan sikeli, domin a wurin awo ne ake gane tukunyar da aka cika fiye da ƙima kafin ta bar wurin. Allah Ya yi maka jagora.