Dalilin da ya sa ya tashi da kuɗi kaɗan

Malam, ka tambaya me ya sa wanda ya kusa kai ƙarshe a gasar kacici-kacici ta talabijin, Who Wants to Be a Millionaire, ya koma gida da abin da bai taka kara ya karya ba. Ba maguɗi aka yi masa ba, tsarin wasan ke nan.

Tambayoyi 15 ne, kuɗin na hauhawa da kowace amsa daidai, amma tudun tsira biyu ne kacal, tambaya ta 5 da ta 10. In ka faɗi a ta 13, kuɗin ta 10 za a ba ka. In kuwa kafin ta 5 ne, sai ka fito hannu Rabbana. Shi ya sa mai wayo, da zarar ya ƙarar da damarmakin neman taimako, wato kiran aboki da tambayar 'yan kallo da cire amsoshi biyu marasa daidai, sai ya karɓi abinsa ya sauka. A majalisarmu ta Samaru matsoraci suke kiran irinsa, ni kam ban yarda ba.

Cinyewa duka abu ne mai wuya. A shirin na Najeriya, Aroma Ufodike ya yi a 2009, ya tashi da naira miliyan 10 a gaban mai gabatar da shirin, Frank Edoho. Da shirin ya dawo a 2022, babbar kyautar ta koma miliyan 20.