Filin Tambaya da Amsa: Bauta a Cikin Daular Wasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Ngaundere, kuma ni da abokaina muna yin wasan nan da ake zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum ɗaya ya ja ragamar labarin, a riƙa jefa ƙwaya irin ta ludo domin a san wanda ya yi nasara. Ni ne mai jan ragamar, kuma na ƙirƙiro wata daula a bakin hamada mai sarki da bokaye da aljanu. Ina so in sa bauta a cikin tsarinta, amma wani abokina ya ce hakan bai dace ba, wani kuma ya ce idan babu ita labarin ba zai yi kama da gaskiya ba. Wanne zan bi?
Daga wani mai karatu a Ngaundere, Kamaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan gardama ta abokanka ta daɗe a tsakanin masu yin wasan. Dungeons & Dragons, wanda shi ne uban irin waɗannan wasanni, ya fito a Amurka a 1974, kuma a 1991 kamfanin TSR, mai buga wasan a lokacin, ya fitar masa da wata ƙirƙirarriyar duniya mai suna Dark Sun, inda sarakuna matsafa suke mulkin birane a cikin hamada, bayi suna yi musu noma da gini da faɗa a gaban 'yan kallo. Daga baya ra'ayi ya sauya. A 2021 kamfanin Paizo ya sanar cewa zai daina gina labaran wasansa na Pathfinder a kan bauta, a 2022 kuma kamfanin Wizards of the Coast, wanda wasan Dungeons & Dragons ya koma hannunsa, ya nemi afuwa, ya cire labarin wasu halittu masu kama da birai, da ake kira Hadozee, waɗanda aka ce wani matsafi ya sarrafa su domin ya sayar da su bayi, saboda jama'a sun ga ya yi kama da irin cin mutuncin da aka daɗe ana yi wa baƙar fata.

Ra'ayina shi ne kana iya sa ta, da sharaɗin kada ta zama kayan ado. Abin da ya fi ɓata irin waɗannan labarai shi ne a ajiye kasuwar bayi a gefen hanya, da mutane a cikin mari, don kawai a nuna cewa sarkin garin azzalumi ne, sannan jarumai su wuce abinsu. Bauta tsari ce da take da dokoki da masu cin moriya, kuma kai ba ka da uzurin rashin sanin yadda take aiki, domin garin da kake zaune yana daga cikin manyan cibiyoyinta a Adamawa a ƙarni na 19. Dakarun Ngaundere sun riƙa kai hari ƙasashen ƙabilun Gbaya da Laka, a sayar da wasu daga cikin waɗanda aka kamo, a zaunar da wasu a ƙauyukan noma, irin waɗanda Fulani suke kira rumde, Hausawa kuma suke kira rinji.

A nan ne tarihin yankinmu zai fi yi maka amfani fiye da littattafan wasan da aka rubuta a ƙasashen waje, domin bayi ba su taɓa zama a kan matsayi ɗaya ba. Akwai bawan gandu da yake noma wa ubangijinsa, akwai wanda aka bari ya yi sana'arsa a gari yana biyan murgu, yana kuma tara kuɗin fansar kansa, akwai cucanawa da aka haifa a cikin gidan, waɗanda al'ada ba ta cika yarda a sayar da su ba. Akwai ƙwarƙwara wadda, a hukuncin Malikiyya, idan ta haihu da ubangijinta ɗanta ɗa ne, ita kuma ba a sayar da ita, tana samun 'yanci bayan mutuwarsa. Sannan akwai bayin sarki: a Kano ta wancan zamani, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayi ne, masu riƙe da su suna da dawakai da gonaki, talaka ɗan asali yana durƙusa musu. Ka sa irin wannan mutum a cikin daularka, wanda yake riƙe da makullin taskar sarki amma ba shi da ikon barin fada, ka ga yadda 'yan wasanka za su rasa inda za su ajiye shi. Sai dai kada wannan bambancin matsayi ya ruɗe ka ka ɗauka abin yana da sauƙi, domin da yawa daga cikinsu, ko iyayensu, ta hanyar hari da ƙona gari da raba uwa da ɗa suka shigo. Hamman Yaji, wanda ya mulki Madagali, a littafin da ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, yana lissafa mutanen da dakarunsa suka kamo a duwatsun Mandara tare da shanun da aka koro.

Haka kuma kada ka mayar da waɗanda ake kai wa hari mutane marasa dabara masu jiran jarumanka su cece su. A 1872 wani matafiyi Bajamushe mai suna Nachtigal ya ga mutanen Kimre, a kudancin Cadi na yanzu, sun yi ɗakuna a kan manyan itatuwan rimi, sun hau da iyalansu da abincinsu da awakinsu, suna kare kansu daga dakarun daular Bagirmi. Wannan kaɗai ya isa a gina zaman wasa guda a kansa.

Abin da abokinka na farko yake ji kuma bai kamata a raina shi ba. Marubucin da yake Amurka yana iya ɗaukar bautar da aka yi a yankinmu a matsayin tarihin wata nahiya, kai kuwa wataƙila a teburinka akwai jikan wanda ya kai hari da jikan wanda aka kai wa, kuma har yau a Garwa da Marwa ana fasa aure saboda an ce asalin wane kaza ne, ana kuma fakewa da wasa a jefi mutum da kalmar bawa. Saboda haka kada ka ba wa ƙabilun daularka sunaye ko harshe ko tsagar fuska da za a gane wata ƙabila ta zahiri da su, kuma kada ka ƙirƙiro wata halitta ka ce an yi ta ne domin bauta. Kafin a fara wasan, ka tambayi kowane ɗan wasa shi kaɗai, ba a gaban sauran ba, ko ya amince da wannan batu, da kuma iyakar da yake so a tsaya. Idan mutum ɗaya ya ce a'a, sai ka gina zaluncin sarkinka a kan haraji mai nauyi da aikin tilas da ƙwace gonaki, ka ajiye wancan labarin sai ranar da kake tare da waɗanda suka amince.