Fulawoyina masu kaurin ganye suna ruɓewa a ɗaki, laima ce ko rashin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Ina da alobera da moda da wasu ƙananan fulawoyi masu kaurin ganye a falo. Duk rani lafiyarsu ƙalau, amma tun da damina ta kankama ganyen ƙasa ke yin laushi yana zubewa, ɗaya ma ta yi baƙi daga tushe. Ina ba su ruwa duk bayan kwana uku kamar kullum. Wata ƙawata ta ce in riƙa fesa musu ruwa. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai, ki ajiye maganar feshin nan. Ba ƙishirwa ke damun shukokinki ba, ruwa ne ya yi musu yawa, a ƙasa da kuma a iska.

Irin waɗannan shuke-shuke na busasshen wuri ne. Ƙananan masu kama da fure da ake kira Echeveria asalinsu Meziko, Haworthia kuma daga kudancin Afirka. Mu ma muna da namu: aguwar da ake shinge da ita a gonaki, da kerana, da tinya, da kariya mai jan fure, duk ruwa suke tarawa a jiki su ci rani da shi. Da yawa daga cikin masu kaurin ganye, har da alobera da moda, ƙofofin numfashinsu a rufe suke da rana, sai dare ya yi su buɗe, don kada ruwan jikinsu ya tafi a banza. Shukar da ke tattalin ruwa haka ba ta iya shanye abin da ke cikin tukunya da sauri. Iska ce ke busar mata da ƙasar.

To a nan matsalarki take. Da hunturu laimar iskar Katsina kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, tukunya ta bushe cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ruwan kwana uku-uku bai kashe su ba, ko da yake ya yi yawa tun a lokacin. A watan Agusta kuwa, lokacin marka, laima kan haura kashi 70. Ga tagogi a rufe saboda sauro da feshin ruwan sama, ga shanya an dawo da ita ɗaki, wani gidan ma bango na tsattsafo. Ƙasar tukunya sai ta yi mako biyu a jiƙe, saiwa ta rasa iska, fumfuna ta samu wurin zama. Baƙin da kika gani a tushe, ruɓa ce da ta faro daga saiwa ta hau sama. Abin da ya fi yi musu daɗi shi ne laimar da ba ta wuce kashi 40 zuwa 50 ba, amma suna jure wadda ta fi haka muddin iska na kaɗawa kuma ƙasa na bushewa.

Saboda haka ki daina ƙidaya kwanaki. Ki samu tsinken tsire ki soka shi har ƙasan tukunya, ki bar shi ɗan lokaci ki zaro. In ya fito da duhu ko ƙasa ta manne masa, babu ruwa yau. In ya fito fes a bushe, ki ƙara kwana biyu, sannan ki zuba da safe, a kan ƙasa ba a kan ganye ba, har ya ɗigo ta hujin ƙasa. Ruwan da ya taru a faranti ki zubar. Da damina tazarar ban ruwan kan kai mako uku, moda ma ta fi haka haƙuri.

Sai iska. Ki matsar da su bakin tagar da ta fi samun haske, ki riƙa buɗe ta da rana in ba ruwa ake yi ba, ki kuma raba tukwanen kada ganye ya taɓa ganye. Fankar sama in akwai wuta ta wadatar. Na'urar sanyaya ɗaki tana rage laima, wannan alheri ne, sai dai kada sanyinta ya riƙa bugun shukar kai tsaye. Fanka mai ruwa kuwa, wadda ake zuba wa ƙanƙara da bazara, laima take ƙarawa, ki nisanta su da ita. Banɗaki da kicin ba wurinsu ba ne.

Tukunya da ƙasa su ne rabin maganin, kuma a nan ne na fi ganin ana kuskure. Masu sayar da fulawa kan cika leda ko roba da baƙar ƙasa mai taki, wadda ta dace da masu son ruwa. Roba ba ta numfashi. Tukunyar ƙasa irin tamu, wadda ba a shafa mata fenti ba, tana tsotse danshi ta fitar ta jikinta, kamar yadda randa ke gumi. Ki sa a huda mata gindi. Ki haɗa ƙasa kashi ɗaya, yashi mai tsakuwa ko burji da aka tankaɗe kashi biyu, da ɗan dakakken gawayi. Lallausan rairayi ba ya yi, danƙarewa yake in ya sha ruwa.

Wadda ta yi baƙi, ki tumɓuke ta yau. Ki yanke da sabuwar reza sama da inda ruɓar ta tsaya, har sai kin ga cikin karan fari tas babu ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa. Ki ajiye ɓangaren saman da kika yanke a inuwa kamar mako guda bakin yankan ya bushe, ki dasa a busasshiyar ƙasa, ki kuma jira wani makon kafin ruwan farko. Tsohuwar ƙasar a zubar. In kuma kina da kerana ko tinya, ki kula da farin ruwansu, yana ƙona fata kuma haɗari ne ga ido, kada yara su kai gare su.

Hunturu ba abin tsoro ba ne gare su, ƙura ce kawai. Ki kaɗe ta da burushi mai laushi. Farin garin da ke jikin ganyen Echeveria kuwa ba ƙura ba ce, kariya ce daga rana, in kika goge ba ya dawowa a wannan ganyen. Ki riƙa leƙa matsematsin ganye saboda wani farin ƙwaro mai kama da auduga. In kin gan shi, ki jiƙa auduga da sifirit ki dangwala masa.

Da bazara kuma, watan Afrilu da Mayu, in dare ma ya ƙi yin sanyi, ƙananan nan 'yan ƙasashen waje, irin su Echeveria, kan tsaya da girma. Ganye zai ɗan yamutse, ki ji kamar ki ƙara ruwa. Ki soka tsinken tukuna.