Tambaya da Amsa: Na'urar BVAS, ɗauke sabis, da rijiyar da ɗan kwangila ya bari

Tambaya: Malam, ƙauyenmu ba sabis sai an hau tudu. Idan zaɓe ya zo, ta yaya BVAS za ta yi aiki a rumfarmu? Ko kuwa ta nan ake bi a yi mana maguɗi? (Wani mai karatu daga Birnin Gwari)

Amsa: Ɗan'uwa, aiki biyu BVAS take yi, kuma ɗaya ne kawai yake buƙatar sabis. Na farko shi ne tantance mai zaɓe. Tun kafin ranar zaɓe ake loda mata bayanan duk waɗanda suka yi rajista a wannan rumfa, don haka idan ka ɗora yatsa ko aka ɗauki fuskarka, da abin da ke cikinta take gwadawa, ko da kuwa ba ɗigon sabis a garin. Na biyu shi ne ɗaukar hoton takardar sakamako, wadda ake kira EC8A, a tura shi shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC, inda kowa zai iya gani. Wannan ne sai da intanet, kuma jami'in zaɓe yana iya turawa bayan ya isa inda sabis yake.

A nan ne aka sami tangarɗa a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023. Rumfuna sun haura 176,000, kuma hotunan sakamakon kujerar shugaban ƙasa ba su hau shafin a kan lokaci ba. INEC ta ce matsalar na'ura ce, 'yan adawa suka ce ba su yarda ba. Da magana ta kai Kotun Ƙoli a watan Oktoba na shekarar, ta yanke cewa rashin ɗora sakamako a IReV bai isa ya soke zaɓe ba. Ni abin da na ɗauka daga wannan shari'a shi ne, takardar da aka sa wa hannu a gabanku ta fi komai nauyi.

Saboda haka kada ku watse da zarar kun jefa ƙuri'a. Ku tsaya a ƙirga a gabanku, a rubuta, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Sannan ka ɗauki hoton takardar gaba ɗayanta, lambar rumfa da sa hannun da hatimin duk su fito, cikin haske, ba hannu na rawa ba. Ka duba ko adadin ƙuri'un da aka kaɗa ya wuce adadin waɗanda BVAS ta tantance, domin dokar zaɓe ta 2022 da wannan adadi ta ce a auna aringizon ƙuri'a. In za ka tura ta WhatsApp, ka bi ta wurin da aka rubuta Document, don idan ka tura shi yadda aka saba, manhajar tana matse hoton har lambobi su dusashe, 3 ta koma kamar 8. Kuma kada ka goge na asali daga wayarka. Abu ɗaya dai: an hana shiga da waya wurin dangwala ƙuri'a, don masu sayen ƙuri'a da hoton suke neman shaida kafin su biya. Wannan hani ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari.

Tambaya: An ce VPN tana dawo da intanet idan gwamnati ta ɗauke sabis. Gaskiya ne? (Wata 'yar kasuwa daga Gusau)

Amsa: Hajiya, ya danganta da irin ɗaukewar. Lokacin da aka toshe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, intanet na nan, ƙofa ɗaya aka rufe, sai VPN, wato manhajar da ke bi da mutum ta wata hanyar intanet zuwa shafin da aka toshe, ta zagaya da mutane ta baya. Amma abin da kuka gani a Zamfara a Satumbar 2021 daban ne: turakun sabis aka kashe. Haka a Nijar bayan zaɓen Fabrairun 2021, intanet ɗin waya aka yanke na kwanaki. A irin wannan VPN ba ta da abin da za ta hau. Tanadi ake yi tun da wuri: lambobin abokan ciniki a littafi, wasu kuɗi a hannu tunda POS ma tsayawa take, da Bluetooth ko Xender don miƙa wa juna hoto ko saƙo idan ana kusa. Rediyon da ke cikin ƙaramar waya ma ba ya neman sabis, abin saƙawa a kunne kawai yake so.

Tambaya: Shekara biyu ke nan da aka kafa allon aikin rijiyar burtsatse a unguwarmu, ɗan kwangila ya tona rami ya tafi. Waya za ta iya yi mana wani abu? (Wani malamin firamare)

Amsa: Malam, tana iyawa, kuma an taɓa yi a ƙasar nan. Gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara tun daga 2010, garin Bagega kuwa ya daɗe yana jiran kuɗin tsabtace ƙasarsa. Matasan Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, ƙarƙashin Hamzat Lawal, suka je suka ɗauko hotuna da muryoyin mutanen garin suka baza a intanet, suna ambaton hukumomin da abin ya shafa, har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013.

Abin da ya sa suka yi nasara shi ne shaida ce a hannunsu, ba zagi ba. Ka kunna alamar wuri a kyamararka domin hoton ya riƙe inda aka ɗauke shi da ranar. Ka ɗauki allon yadda sunan ma'aikata da na kamfani za su karantu, sannan ramin. Ka tura wa Tracka, wadda ƙungiyar BudgIT ta kafa don bin diddigin ayyukan mazaɓu. Idan aikin na tarayya ne, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa ma'aikatar kana tambayar nawa aka ware, nawa aka biya, kuma kwana 7 ta ba su su amsa. Ka samo mai unguwa da mutum goma su sa hannu a wasiƙar, ka tabbatar an buga maka hatimin karɓa a kwafinka, shi ma ka ɗauki hotonsa kafin ka bar ofishin.