Lasisin safiyo da aka bari bai sabuntu ba

Malam, ka ce shekara 3 ba ka biya kuɗin sabunta lasisinka ba, kana so ka koma awon filaye. Fara da tuntuɓar SURCON, hukumar da dokar 1989 ta ba rajistar safiyoyi a Najeriya, ka ji ko sunanka na nan. Idan bashi ne kawai, da sauƙi: rubuta musu, haɗa lambar rajistarka da tsofaffin rasiɗai, ka biya. Kuɗin NIS, ƙungiyar safiyoyin Najeriya, daban yake da na SURCON, mutane kan rikita su.

Amma hatiminka na safiyo, wanda kake buga wa taswira, bar shi a aljihun tebur tukuna. Taswirar da ka buga wa hatimin yanzu tana iya jawo wa mai fili rigima, kai ma haka. Idan kuwa ladabtarwa ce ta cire sunanka, nemi lauya kafin ka rubuta komai.