Yadda Yahudawa ke sauke Attaura duk shekara, da abin da suke tsinta a karatun mako

Tambaya: Ni ɗalibin nazarin addinai ne. Na ji Yahudawa suna da wani yanki na Attaura da suke karantawa kowane mako, har su ciro darasin gyaran hali daga ciki. Yaya tsarin yake, kuma me ya haɗa shi da bukukuwansu? Sannan na duba kalanda biyu, na tarar kowace da yankin da ta sa wa Asabar ɗaya. Wacce ce ta yi kuskure?

Amsa: Malam, mai yiwuwa babu wadda ta yi kuskure, amma bari mu fara daga tushe.

Attaura littattafai biyar ce: Farawa, Fitowa, Firistoci, Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a. An kasa su kashi 54, kowane kashi ana ce masa parasha, kuma sunansa daga kalmominsa na farko ake ɗaukowa, kamar yadda ake cewa izun Sabbi ko izun Amma. Ba tsawonsu ɗaya ba. Naso aya 176 ce, Wayelek kuwa 30 kacal. Ana kai ƙarshe a bikin Simhat Tora, cikin watan Tishri, wajen Satumba ko Oktoba, kuma a zaman da aka sauke nan take ake buɗe farkon Farawa.

Shekararsu ta wata ce, amma ana daidaita ta da rana ta hanyar ƙara wata guda sau bakwai cikin kowace shekara 19. Shekarar da ba a yi ƙari ba kwana 353 zuwa 355 ce, Asabar ɗinta ba ta kai 54 ba, ga kuma waɗanda bukukuwa ke cinyewa. Don haka akwai tagwaye bakwai, irin su Tazriya da Mezora, da ake haɗewa a mako ɗaya idan wuri ya ƙure.

A majami'a, da safiyar Asabar ake karanta parasha gaba ɗaya, a kira mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya, a rufe da wani yanki daga littattafan annabawa da ake kira haftara. Da la'asar ɗin ranar, da safiyar Litinin da Alhamis, mutum uku ake kira a ɗanɗana farkon ta mako mai zuwa, don kada kwana uku su wuce ba a ji Attaura ba.

Gyaran halin kuwa a gida ake yin aikinsa. Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya umarci mutum ya bi parasha sau biyu da Ibrananci, sau ɗaya da fassarar Aramaik ta Onkelos. Da yawa suna ƙarawa da sharhin Rashi, malamin da ya rayu a garin Turwa na Faransa daga 1040 zuwa 1105. Tunda an riga an kasa parasha gida bakwai, sai mutum ya ɗauki gida ɗaya kullum daga Lahadi, galibi aya wajen goma sha biyar, abin da bai wuce minti goma sha biyar ba. Mai son yin rubutu sai ya gama kafin faɗuwar ranar Juma'a, domin mai kiyaye Asabar ba ya riƙe alƙalami a cikinta. Abin da ya tsinta shi zai faɗa wa iyalinsa a bakin abinci.

Ga misalin yadda ake tsintar. Firistoci 19:14 ta ce kada ka sa abin tuntuɓe a gaban makaho, ka ji tsoron Allahnka. Mai gaggawa zai ce ai ni ban taɓa yi ba, ya wuce. Rashi ya ce makahon nan har da wanda bai san kan wani al'amari ba ya zo neman shawara: kada ka ce masa ya sayar da gonarsa ya sayi jaki, alhali kai ne ke haƙon gonar. Me ya kawo tsoron Allah a ƙarshen ayar? Saboda babu mai iya kama ka. Kana iya cewa alheri na nufa, kuma ba wanda ya san gaskiyar sai wanda ya san zuciya. Daga nan mai karatu zai tambayi kansa wace shawara ya ba wani a makon nan da ribarsa ke ɓoye a ciki. Aya ɗaya, aiki ɗaya, ya wadatar. Inda masu farawa ke tuntuɓe shi ne tsallake ma'anar zahiri, wadda ake kira peshat, su faɗa ma'anoni na ɓoye, sai ayar ta koma faɗin abin da dama suke so su ji. Na biyu shi ne gudu idan an iso dokokin hadaya da na cutar fata a Firistoci. A ganina ƙarfin tsarin a nan yake, domin ba kai ke zaɓar abin da za ka karanta ba, mako ne ke kawo maka.

An kuma jera karatun ya riƙa share wa bukukuwa hanya. Debarim, mai cike da tsawatarwar Annabi Musa, kullum tana zuwa kafin azumin 9 ga watan Ab, ranar makokin rushe Haikalin Ƙudus. Nizabim, mai maganar komawa ga Allah, tana zuwa kafin Rosh Hashana, sabuwar shekara. Daga nan kwana goma ne na tuba zuwa Yom Kifur, ranar kaffara, kuma Mishna, tsohon kundin dokokinsu, ta faɗa ƙarara cewa azumin ranar ba ya kankare laifin da ke tsakaninka da ɗan'uwanka sai ka je ka nemi yafiyarsa. Shi ya sa za ka ga ana ta biyan bashi da neman gafarar juna tun watan Elul, wanda ke gabanin sabuwar shekarar. Tsakanin Fesak, bikin tunawa da fitowa daga Masar, da Shabu'ot, bikin tunawa da karɓar Attaura, kuma kwana 49 ake ƙirgawa dare bayan dare.

To, batun kalandarka. A Isra'ila Fesak kwana bakwai ne, Shabu'ot kwana ɗaya. Yawancin al'ummomin waje suna ƙara yini guda a kan kowanne. Idan yinin ƙarin ya faɗo Asabar, na waje su yi karatun biki, na Isra'ila su ci gaba da parasha, sai su sha gaba da mako ɗaya. Haka ta faru a 2022: sun rabu ranar 23 ga Afrilu, ba su sake haɗuwa ba sai ƙarshen Yuli, da na waje suka haɗe Matot da Mas'e. Don haka duba ko kalandar ta Isra'ila ce ko ta waje.

Idan kuma da fassarar Hausa kake bi, kada ka dogara da surori, domin rabon surori daga malaman Kirista ya zo, bai dace da na parasha ba. Ta farko a Farawa 6:8 take ƙarewa, ta Nuhu ta fara daga 6:9. Lambobin ayoyi ma sukan goce: abin da yake Farawa 31:55 a fassarori da yawa, 32:1 ne a bugun Ibrananci.