Amsa ga ɗan ƙanena kan gonar gabas

Assalamu alaikum ɗana. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da yaran. Saƙonka ya iso. Ka ce kana so ka kewaye gonar da ka gada wurin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da waya, ka sare itatuwan gawo da ke cikinta don tarakta ta samu sakewa, sai mai unguwa ya ce gefen gabas ba ya shingantuwa, mutane kuma suka ce kukar da ke tsakiyar gonar ba taka ba ce. Kana tambaya shin wannan addini ne ko camfin mutanen ƙauye. Da sauƙi tunda tambaya ka yi kafin ka ɗauko gatari.

Kai ka bar garin nan kana ƙarami, idan ka zo da mota fili kawai kake gani da ƴan bishiyoyi. Mu kuwa kowane taku yana da suna da mai shi. Daga dangar gida, akwai ɗan wurin da mata ke shuka kuɓewa da kabewa da yakuwa. Gaba kaɗan kududdufi, inda kakanninmu suka haƙi ƙasar da aka gina ɗakunan nan, da damina ya cika da ruwa da kwaɗi. Daga nan sai gonakin karkara, waɗanda ake kai wa takin gida a mangala bisa jaki tun da rani, shi ya sa ba sa hutawa kuma ba sa gajiya. Can gaba jigawa ce, ƙasar gero da wake da gyaɗa. Ta kudu ƙasa ta gangara fadama. Da muna yara, bayan jigawa akwai saura, gonakin da aka bari su huta shekaru, sannan daji. Yau saura ta ƙare, dajin ma suna ya rage, gonarmu ta ƙarshe tana haɗa iyaka da ta mutanen ƙauyen gaba.

To, gefen gabas na gonarka burtali ne. Wannan layin aguwa da kake gani kamar ya fito da kansa, dasa shi aka yi, dama da hagu, domin dabbobi su bi tsakiya su je tafki su sha ruwa ba tare da sun taɓa shukar kowa ba. Shanun Fulani na bi, awakin gidanku ma nan suke bi kullum safiya. Mahaifinka bai taɓa mallakarsa ba balle ka gada. Abin da ya rikita ka, na sani, shi ne burtalin ya tsuke. Kowace shekara mai gona ta dama ya ci kunya ɗaya, na hagu ya ci ɗaya, har hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma da ƙyar shanu biyu su jera. Daga nan ake fara ɓarna, daga ɓarna sai sanda, daga sanda sai ofishin ƴan sanda. Yawancin rigimar manomi da makiyayi da na gani a ƙasar Daura, idan ka bi ta a hankali, za ka tarar da hanyar ruwa da aka toshe a gindinta. A nan kuwa al'ada da addini bakinsu ɗaya, domin akwai hadisin da ya ce Musulmi abokan tarayya ne a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Kuma kada takarda ta ruɗe ka. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, na karkara ƙaramar hukuma ke ba da shaidarsu, amma wanda ya san inda iyaka take shi ne dattijon da ya ga lokacin da aka dasa gamba a kanta.

Batun gawo, wannan ba camfi a cikinsa ko kaɗan, noma ne tsantsa. Duk itacen da ka sani da damina yake ganye, ban da gawo. Shi ruwa na sauka sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, rana ta samu shukar da ke ƙarƙashinsa, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe ya zama taki. Rani na shigowa, lokacin da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar. Dabbobi su taru a inuwarsa, su ci ƴaƴansa da suka zubo, su bar kashinsu a wurin. Ka zo cikin watan Agusta ka tsaya a gindin babban da ke kusa da rijiya, ka dubi geron da ke wurin, ka dubi na taku ashirin gaba. Na gindin ganyensa har baƙi-baƙi yake yi, karansa ya fi kauri, zangarniyarsa ta fi tsawo. Buhun takin zamani nawa za ka saya ya yi maka wannan kowace shekara?

Tsofaffi suna ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na dā hukunci mai tsanani suke yanke wa wanda ya sare gawo. Har yau idan ka tsallaka iyaka ka nufi Matamaye ko Magariya, gawo za ka yi ta gani cikin gonaki iya ganinka. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun san yadda ƙasa ke zama idan ta rasa itace: iska ta kwashe ta, rairayi ya binne shuka, a yi shuka sau biyu sau uku ba ta tsaya ba. Bayan wannan wahala ce manoman Maraɗi suka koma barin tohon kututture a gona suna gyara shi ya girma, abin da suke kira sassabin zamani, kuma miliyoyin itatuwa suka dawo da shi ba tare da an dasa ba. Su suna renon ƙanana, kai kana da manya a hannu kana neman mai sara. Idan rassa sun yi ƙasa, a rage su. Mai tarakta ya kewaya, ai ba a kan layin dogo yake ba.

Kuka kuma ta Gwaggonka ce. Kakarku ce ta rene ta tun tana tsiro, ta kewaye ta da ƙaya don awaki, da aka zo rabo aka ce ƙasa ta mahaifinka, kuka ta ƴar'uwarsa, a gaban shaidu. Haka muke yi a nan: gona daban, itace mai amfani daban, ko sayarwa za a yi sai an faɗa a fili ko da ɗorawa da kukar aka sayar. Miyar kukar da ake aika maka Kano daga jikinta take. Maganar cewa akwai iskoki a gindinta, ko a gindin tsamiya, wannan kam camfi ne, ban ce ka yarda da shi ba, ko da yake ya tsare itatuwa da yawa daga gatarin yara marasa ji.

Ban ce komai na nan yadda yake ba. Dā ana gama girbi mai gari zai sa a yi shelar sakin dabbobi, tsofaffin mata su shiga kala, Bafulatani ya sauka a gonarka ya kwana da shanunsa, kai ne ma za ka ba shi damin gero saboda taki. Yanzu kara kuɗi ne, harawa kuɗi ce, kowa kwashe nasa yake. Saboda haka idan ka yi shinge ba wanda zai ce ka yi abin kunya. Ka yi ta yamma da kudu da arewa, ta gabas ka ja baya zuwa tsohon layin aguwa, ka bar ƙofa da Gwaggo za ta shiga.

Ka shirya ka zo da kaka, bayan an kwashe amfani, lokacin da tushen gamba ke fitowa sarai. Ka fara sauka wurin Gwaggonka ka gaishe ta kafin ka taka gonar. Ka riƙo goro na mai unguwa, ni zan kira maƙwabtan gonar guda uku mu zaga iyaka tare. Kada ka sayi waya sai mun auna. Ka gaida maiɗakinka da yaran, Allah ya yi muku albarka.